Tukunyar Yangzom

A Simikot, inda hanya ke ƙarewa ta bar wa alfadarai,
Yangzom ta ɗora tukunyar tururi kan risho.
Ba shinkafa a ciki, ba dankali:
almakashi biyu, hantsaki, allurar ɗinki.

Minti talatin, da agogon mahaifinta.
Tukunya na huci kamar kububuwa,
abin da ido bai gani ba yana mutuwa,
ba kururuwa, ba gawa.

A kan benci Tsewang na jira,
ƙahon yak ya tsaga masa cinya.
"Ɗinke kawai, dusar ƙanƙara za ta rufe mini hanya."
Ba ta ɗago ba. Saura minti bakwai.
Sauri ya haifi nawa.

Ta goge raunin da aidin, ya ciji hularsa.

Ƙwaya ashirin da ɗaya ta ƙirga masa a takarda.
"Zafin zai tafi rana ta uku. Kada ka yarda da shi.
Wanda ka bari da rai
shi zai koya wa jikokinsa
yadda ake cin maganin nan a ƙoshi."

Ya fita yana ɗingishi.
Ta sake zuba wa tukunyar ruwa.