Ja Mai Ƙofa Biyu

Na sayar da aya buhu ɗari uku da saba'in
na sayi abin da ba ya ɗaukar ko buhu guda.
Ja ce, ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa,
daga Kwatano ta zo bisa bayan tirela.
Inna ta leƙa ta ce, "To ni ina zan zauna?"

Wata huɗu na yi ina tada kajin Ali Ɗan Sofo.
Ran wata Lahadi, kan hanyar Madarumfa,
allura na taɓa ɗari da sittin,
sai ƙwas, kamar taɓarya ta sami dutse a turmi,
sai farin hayaƙi, sai shiru.
Amalanken shanu ya jawo mu gari.
Mai shanun bai ce uffan ba, hularsa kawai ya gyara.

Alhaji Barmo, shi ya sayar mini,
ya karɓi takardar garanti da hannu biyu
kamar an miƙa masa jariri.
"Inji sabo fil, cikin kwali, daga Dubai.
Sati biyu."
Na ce madalla. Ban tambayi wane sati ba.

Sati biyu ya haifi wata,
watan ya yi yaye, ya haifi wani.
Yau jirgin ruwa, gobe duwan,
jibi mai makulli ya tafi suna a Tibiri.
Na san kowane benci a garejin nan,
na san wanda ke da ƙusa.
Na sha shayi har mai shayin ya buɗe mini bashi.
Motar na gindin bedi, baki buɗe,
kaza ta zuba ƙwai tara inda injin yake,
ta ƙyanƙyashe bakwai.

Madubin hagu ya tafi, batir ya bi shi.
Na tambaya, aka ce an ɓoye su ne saboda ɓarayi.

Ran da injin ya iso, tun hantsi aka kira ni.
Yana ƙyalli, fentin azurfa har kan noti.
Na sa yatsa, fentin ya biyo ni.
Tsahiru makanike ya tsura wa silifas ɗinsa ido.
Jika ɗari takwas kuɗin ɗauri, in ji takarda,
wai garanti ta san inji, ba ta san hannu ba.
Na biya da ayar bana, wadda ba a haƙa ba tukuna.

Cindo, yaron da ke wanke sifana,
ya biyo ni bakin ƙofa yana goge hannu a wando.
"Kawu, ƙirga buji."
Huɗu.
Da shida na zo.
"Na tasi ne. Shekara tara ya yi tsakanin nan da Ɗan Isa."
Na miƙa masa dala ɗari, ya ƙi,
ya ce in dai kada in ce shi ne.
Na koma ciki, aka ce Alhaji ya tafi Yamai.

Tana tafiya, ban ce ba ta tafiya ba.
Jiya wani ɗan kabu-kabu, da mace da akuya a baya,
ya wuce ni wajen Sura Bildi
har da ɗaga mini hannu.

Abin da ya hana ni barci daban ne.
Daren Juma'a ina shan iska ƙofar gida
na ji murya ta taso daga wajen babbar kasuwa,
gurnani mai zurfi, da ɗan tari in an saki totur.
Wata huɗu na zauna da tarin nan, na san shi
kamar yadda na san na mahaifina ta bayan katanga.
Farar mota ce ta wuce,
ɗan Alhaji a ciki, gwiwar hannu a taga.

Takardar garanti na nan a aljihuna,
ta yi laushi kamar tsumma, tambarin ya koɗe.
Gobe zan kai ta gidan shari'a.
Inna ta ce za ta raka ni,
amma a adaidaita.