Musun Dala a Jekadafari

A bencin Bappayo mai gyaran rediyo,
bayan la'asar, aka kwaso Masar
aka zube ta a Jekadafari.

Kwairanga ya ce aikin aljanu ne:
"Dutsen da ya fi tirelar Ashaka nauyi,
wane ɗan Adam zai ɗora shi bisa ɗan'uwansa?"
Lamela, da ya tsufa yana koyar da lissafi a Kaltungo,
ya zana kusurwa a ƙasa da tsinken tsire,
ya ce igiya ce, da gangara, da cikar kogin Nilu.
Wani yaro ya miƙo waya,
wai baƙi ne daga taurari.
Aka yi masa caa.

Ni ina gefe, siminti na bushewa a faratana.
Bulo ɗari uku na hau da su yau
a benen wani alhaji da bai san sunana ba.

Na ce, "Ku bar dutsen tukuna.
Wa ya dafa musu?
Wa ya yi ɗori in ƙafa ta karye?
In an tashi ana sallamarsu,
ko sai 'dawo gobe'?"

Rediyon Bappayo ya yi tari.
Lamela ya ce an tono kaburburansu a gindin dalar,
ƙashin baya duk ya ci kaya.

Na shafa ƙuguna.

Kwairanga ya ce shi fa har yanzu aljanu.
Ban ja ba.
Ranar da aka yi wa benen nan fenti,
masu wucewa cewa za su yi,
"Kai, kuɗi sun yi gini!"