Ɗari da Saba'in Bisa Ɗari

Ƙarfe huɗu nake tashi a Agege,
kafin ladan ya gyara murya.
In lallaɓa kada in taka ƙafar Ummi
da ke barci a bakin ƙofa.
Rabonta da ganina da rana
tun Lahadin da ta wuce.

Asuba a tasha nake yin ta,
kan kwali, gefen mai shayi.
Ina sallamewa kwandasta na ihun Oshodi,
addu'ar sai a cikin mota,
gwiwata a bayan wani, gwiwar wani a bayana.

Apapa. Tireloli sun yi layi
kamar shanun da aka hana mashaya.
Ni ne akawu:
tebur ɗaya, waya biyu,
kwantena arba'in da ba su fita ba.
Alhaji na kira daga Kano, ina kayana?
Direba na kira, an tare ni a kan gada.
Oga na kira daga ɗakin da ke jikin nawa,
ko tashi ba ya yi.
Kowa in ce masa yanzu-yanzu,
yanzun da ni ma ban san gidansa ba.

Da farko ƙeya ce ta fara sara.
Na mai da farasitamol goro,
biyu da hantsi, biyu da la'asar.
Sai ciki ya kama wuta,
don abincin rana ya zama na dare,
na dare kuma a tsaye.
In na kwanta lambobi ke yawo a silin,
in ji waya na ƙara
alhali tana kashe.

Tanimu, shekara tara teburinsa na kallon nawa.
Ran Talata ya miƙa hannu zai ɗauki hatimi,
hannun ya ƙi zuwa.
Ya dube ni zai yi dariya,
rabin bakin ne kawai ya amsa.
Ran Alhamis an zaunar da wani yaro a kujerarsa.
Ko kofinsa ba a kawar ba.

A kemis ɗin layinmu
Iya Basira ta naɗa mini awo a damtse,
ta duba, ta gyara tabarau, ta sake dubawa.
Da Hausarta ta Agege ta ce,
Malam, taya ma in iska ta yi yawa fashewa take.
Ɗari da saba'in bisa ɗari.
Ta rubuta a bayan kwalin magani,
ta ce in kai asibiti, ba gobe ba.

Ban bar aikin ba.
Mai gidan haya ba ya karanta takardar likita.
Amma yanzu in azahar ta yi
wayoyin biyu su shiga aljihun tebur,
in rufe su kamar kaji.
In ci abinci a zaune.
In taka zuwa bakin ruwa,
inda wani tsoho ke ɗinkin taru cikin kwalekwale,
jirage masu hawa goma na wucewa,
ko kai ba ya ɗagawa.
Ina koyon kalma ɗaya, da ƙyar,
kamar mai koyon tafiya:
gobe.
Na faɗa wa Oga ita sau uku.
Rufin ofis bai faɗo ba.

Uwani ta rage gishiri a miya,
mun yi faɗa, ta yi nasara.

Asabar nakan je wurin Tanimu a Idi-Araba.
Yana matsa ƙwallon roba da hannun da ya ƙi.
Da harshe mai nauyi ya ce, kwantenan nan?
Na ce sun fita, Tanimu.
Duk sun fita, ba kai.
Muka yi shiru, fanka na juyawa.

Jiya na iso gida ana kiran magariba.
Ummi ta tsaya da bokiti a hannu,
ta dube ni, ta dubi sama da sauran haske,
ta ce, Baba, korar ka aka yi?