Taku Goma Sha Ɗaya

A Punta Arenas iska ba ta sallama.
A kwanar dandali har igiya ake ɗaurawa
don mai wucewa ya riƙe, kada ta kwashe shi.
Yayana Nibaldo ya wuce ta sau dubu,
hannu a aljihu, yana fito.
Wannan kafin teku ta ci Froilan.

Shekara goma sha tara suna jirgi ɗaya,
suna jawo kejin ƙaguwa daga ruwa mai yankan ƙashi.
Ran da ruwa ya share bisan jirgin
Nibaldo ya dawo rungume da takalmi ƙafa ɗaya,
ba nasa ba.

Tun daga nan barci ya yi masa yaji,
aka yi biko, aka yi biko, ya ƙi dawowa.
Daren hunturunmu kuwa, kun san shi,
kafin biyar na yamma ya riga ya shimfiɗa tabarma.

Sai giyar kwali, mai arha.
Kofi ɗaya don ido ya rufe,
na biyu don muryar ta yi ƙasa-ƙasa,
na ukun ba shi da dalili, ya bi 'yan'uwansa ne kawai.
Da asuba muryar ta dawo da gayya,
hannu na kyarma, zuciya na dukan uku-uku,
yana tambayata wa ke tsaye bayan labule.
Sai ƙwaya, don ta kori abin da giya ta gayyato.
An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Ran Talata na kai shi asibiti.
Ƙofar hagu, masu duba ƙwaƙwalwa, suka ce:
ya bar sha wata uku, mu ga abin da ya rage.
Ƙofar dama, masu yaye mashaya, suka ce:
ai wannan damuwa ce, can za ku fara.
Tsakanin ƙofofin taku goma sha ɗaya ne.
Na ƙirga, don na yi su sau shida.
A tsakiya akwai benci da fentinsa ya goge.
Ashe ba mu muka fara zama a kai ba.

Can wata tsohuwar nas, Ercilia, ta same mu,
ta ja kitsona ta ce:
Herminia, wane sili ne ya fara?
Na ce ban sani ba.
Ta ce ni ma haka.
Tufka ce, ba a warware ta ta gefe guda.
Ta ɗauki fayil biyun ta haɗa su da allura ɗaya.

Ban gaya mata ba
cewa ni ma, in ya yi shiru,
nakan ɓare rabin ƙwaya daga ambulan ɗinsa.
Mai jinya ma tana da labule.

Ya yi kwana ashirin da uku bai sha ba.
Ya faɗi.
Yau tara.
Muryar tana nan, ya ce, amma ta koma ɗakin baya,
kuma jiya ya yi barci har ya yi minshari,
na zauna a ƙofa ina saurare kamar rediyo.

Da safe mun bi ta dandali, iska na tsiyarta.
Ya tsaya, ya dubi igiyar nan,
ya fitar da hannu daga aljihu,
ya riƙe.
Ɗaya hannun ya miƙo mini.