Kalma Ɗari Biyu

Ƙarfe biyun dare a Aboabo.
An ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
saura kashi goma sha ɗaya a batirin kwamfuta,
ni da wani farin gurbi muna kallon-kallo:
"Ko akwai abin da kike so mu sani?"
Kalma ɗari biyu suka ba ni.

Akwai mana.
A takardar sakamakona A na bin B, B na bin A,
kowa tsaf a layinsa,
sai shekara ta uku, zango na biyu,
ga C nan zaune a gaban darasin ƙididdiga,
baki buɗe, kamar mai shirin tona asiri.

Na kai wa Kawu Tijjani maganar a shagonsa na Alabar.
Bai ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba.
Ya ce, "Shekara talatin ina faci,
ban taɓa nuna wa mai riga inda na ɗinke ba.
Wanda ka nuna wa, ya daina ganin riga,
facin kaɗai yake gani."

Iya Barikisu mai waakye ta ce ba haka ba ne.
"Ranar da tukunya ta kama,
tun kafin mutum ya miƙo kwano
nake ce masa yau da ɗan ƙauri.
Ya ci, ya biya, gobe ya dawo.
In harshensa ne ya gaya masa,
to ya tafi ke nan."

Dakta Boakye kuwa, a ofishinsa na Tek,
cire tabarau ya yi, ya murza ido.
"Layi biyu, Sahada.
Kuma ban da kuka. Tawada ba ta son ruwa."

Ga abin da zan iya rubutawa:
a watan nan Mma tana kwance a Komfo Anokye.
Benci ne gadona, jaka ce matashina.
Na haddace sunayen allurai kafin in haddace ƙa'idoji.
Na shiga jarrabawa da warin asibiti a mayafina,
da canjin trotro a tafin hannu.
Duk gaskiya ne. Ba harafin da na ƙara.

Ga abin da ba na son rubutawa:
tun kafin Mma ta faɗi a bakin famfo
darasin nan ya riga ya sha mini kai.
Mako biyar ina kwafar allo kamar mai zanen atamfa,
kunya ta hana ni ɗaga hannu.
Ciwon bai kayar da ni ba.
A ƙasa ya same ni,
ya ba ni inuwar da zan raɓe.

To yaya zan ɗauki numfashin uwata,
wanda aka ƙirga da dare ana rawar jiki,
in kai wa baƙi su ɗora a sikeli,
su ba ni canji?

Saura kashi huɗu.
Daga ɗaki na ji tarinta, ƙarami, na mai lafiya.
"Sahada, har yanzu?"
Na ce saura kaɗan, Mma.
Ta ce, "Kin rufe randa?"
Ta koma barci.

Na rubuta:
"A shekara ta uku ƙididdiga ta fi ƙarfina, kuma ban nemi taimako da wuri ba.
A ta huɗu na ɗauki wadda ta fi ta wuya, ba wanda ya tilasta ni. Ku duba shafi na biyu."

Ban sa asibiti ba.
Benci nawa ne, ni da Mma.

Ban sani ba ko na bi Kawu ko na bi Iya.
Yatsana na kan maɓalli
sai ga wuta ta dawo,
fanka ta ɗaga takardar daga tebur
ta kife ta a ƙasa.
Na bar ta nan. Na tashi in duba randa.