Hoto, Hoto, Maɓalli

A Valparaíso, garin da ya rataye jikin tudu,
Ximena ta rufe shagon gyaran waya,
ta buɗe darasi na huɗu.
Malamar cikin allo ta ce: ture linzami gefe,
runtse ido, ki zaga shafin da kika gina.

Muryar na'ura ta fara:
"Hoto. Hoto. Maɓalli. Hoto."
Kamar mai ƙirga buhuna a bakin jirgi.

Ashe abin da kawu Eusebio ke ji ke nan,
tun da idonsa ya tafi,
ya kuma ce mata, ya yi kyau.

Ƙarfe biyun dare, ƙarƙashin hoton farko,
ta rubuta masa:
"Jan kwale-kwale, fentinsa ya ɓare,
tsuntsayen teku uku a kansa."