Bakwai Ko Takwas

Ta zo da hantsi, hayaƙi bai gama tashi daga siminti ba,
rigar sulken ta yi mata yawa a kafaɗa,
biro ɗaure da zare a wuyanta kamar laya.
Ta ce sunanta Suhad.
Ta ce, "Gwaggo, mutum nawa ne a gidan?"

Na ce takwas.

Ta duba takardar asibiti. "Bakwai aka kai."
Na ce takwas, 'yar nan, jiya da la'asar ina cikinsu.
Na lissafa mata da yatsu:
Zuhdi ƙanena, da Nariman matarsa,
da surukarsa mai ciwon gwiwa,
da yara huɗu, Bahija ce babba,
wadda ke ɓoye min almakashi don kada in koma gida.
Na takwas kwanansa uku a duniya.
Ba ya cikin rajistar kowa.

Ta rubuta bakwai.
A ƙasa ta ja layi, ta ƙara:
"Gwaggonsu ta ce akwai jariri. Ban tabbatar ba."

Na zage ta, Allah Ya yafe min.
Na ce ashe ke ma irin na can ce,
masu kujera mai juyawa a ɗaki mai sanyi,
waɗanda in mun mutu sai su ce "an yi iƙirarin."
Ta bari na gama.
Ta ce, "Wake ɗaya ke ɓata gari, Gwaggo.
In na sa ɗayan da ba ni da shaidarsa,
gobe da shi za su goge bakwai ɗin."

Ban ba ta ruwa ba. Ina da rabin jarka.

Kwana huɗu sai ga ta,
takalminta ɗaya ya buɗe baki.
Daga Dair al-Balah ta taka har Nusairat,
aji aji ta bi wata makaranta
inda ake shanya zannuwa a jikin allo,
har ta samo Ummu Rafat ungozoma
da littafinta na lissafi mai bango kore:
Talata, bayan isha'i, da fitilar waya,
namiji, kilo biyu da ɗari bakwai,
uwa Nariman, lafiya.

Ta hau kan tulin da a da shi ne falon Zuhdi,
nan ne kawai waya ke kama,
ta ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.
Ta aika: "Gyara. Takwas ne."

Sannan ta sauko, ta ce, "Sunansa?"
Na ce ba a raɗa ba,
amma uban ya so Ayham.
Haka ta rubuta, har da "ya so".

Buhun gari bai sauko ba saboda wannan.
Jirgin nan mai zuzar ƙudan zuma bai bar kanmu ba.
Ɗan maƙwabta ya karanta min abin da aka rubuto daga nesa,
wani ya ce yar tsana ce, wani ya ce su suka ja,
wata mata ta ce ta kasa cin abincin dare.
Ban san ko ɗayansu ba.
Na dai san akwai wuri guda a duniya
da yaron nan yake a rubuce,
da nauyinsa, da ranarsa,
kuma wadda ta rubuta ba ta yarda da ni ba sai da ta gani.

Iyaye kan janye yaransu in ta tsaya kusa,
sun ce rigar tana jawo wuta.
Ni na rage mata kafaɗar, da zare baƙi,
shi kaɗai ya rage min.

Yau kwana tara ban gan ta ba.
A layin ruwa wasu sun ce ta yi kudu,
wasu sun ce tantin da ke bakin asibiti ne.
Suka juyo gare ni: "I'itidal, ke kin san ta, me kika ji?"

Na gyara riƙon jarkata.
Na ce ban tabbatar ba.